Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Katin Lissafin Besbol

Tambaya: Malam, na sayi wani tsohon katin lissafin wasan besbol, irin wanda 'yan kallo ke rubuta yadda wasa ya gudana a ciki, a kasuwar kayan da, a nan New York. Wasan Yankees ne da Athletics ta Philadelphia. Akwai sunayen Ruth, Gehrig, Meusel da Lazzeri, an kuma cike gidajensa da fensir, amma babu kwanan wata. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da ciki, ka bar bango tukuna. Yawanci bango ɗaya ake bugawa ya ɗauki kakar wasa guda, jerin 'yan wasa na tsakiya shi ake sauyawa gwargwadon baƙin da suka zo. Don haka sunaye su ne shaida mafi ƙarfi.

Ka nemi wanda ya zo daga baya da wanda ya fara tafiya. Babe Ruth ya yi wa Yankees wasa daga 1920 zuwa 1934, tazarar ta yi yawa. Tony Lazzeri sai 1926 ya shigo, Bob Meusel kuma ya bar ƙungiyar bayan kakar 1929. Ka ga mun matse shi cikin shekara huɗu. Yanzu duba lambobin da ke gefen sunaye. A 1929 Yankees suka fara sa lamba a bayan riga, bisa jerin masu bugu: Ruth 3, Gehrig 4, Meusel 5, Lazzeri 6. In haka naka yake, 1929 ce. Amma a yi hattara, domin tun kafin nan wasu katuna na da lambobi, waɗanda ake ɗagawa a allon fili don 'yan kallo su san wanda ya fito. Ganin lamba kawai ba hujja ba ne, sai ta dace da ta rigar.

Ranar kuwa, fensirin nan ne zai ba ka ita. A wancan zamani ƙungiyoyi biyu na haɗuwa sau 22 a kaka, 11 a gidan kowa. Ka rubuta masu jifa biyu da suka fara, da makin kowane zagaye, ka gwada da bayanan wasannin da ke shafukan intanet na Retrosheet ko Baseball-Reference. Da wuya wasa biyu su yi daidai a duka. Ka fi amincewa da rubutun hannu a kan sunan da aka buga, saboda ana buga jerin ne kafin wasa, koci kuma na iya canza mai jifa a ranar.

Tambaya: Nawa katin babu fitaccen suna ko ɗaya, sai tallace-tallace. Yana da amfani?

Amsa: Hajiya, talla na magana sosai. Tallar giya ta gaske ba ta fitowa daga 1920 zuwa farkon 1933, lokacin da aka haramta sayar da ita a Amurka. Kira a sayi takardun lamunin yaƙi na nuna 1917 zuwa 1918, ko shekarun yaƙin duniya na biyu. Adireshin da ke da lambar shiyyar gidan waya, mai lamba guda ko lambobi biyu, bayan sunan gari bai riga 1943 ba, mai lambobi biyar kuma daga 1963 ne. Sunan fili da na ƙungiya ma iyaka ne: an buɗe Fenway Park a 1912, Ebbets Field a 1913, Yankee Stadium a 1923, Braves ta Boston kuma an kira ta Bees daga 1936 zuwa 1940. Kowace alama iyakar shekaru ta ƙasa ko ta sama kawai take ba ki, sai kin haɗa uku ko huɗu kafin ki yanke. Farashin bango shi ne mafi rauni, don santi 5 ya daɗe ba a canza shi ba.

Tambaya: Yaya zan bambance na asali da kwafi, kuma zan iya goge shi ya yi tsabta?

Amsa: Ka samo gilashin ƙara girma mai ninki 10. Baƙin rubutun tsohuwar ɗab'i cike yake, tawada ta ɗan taru a gefen harafi, wani lokaci har ka ji ɗan lotsawa da yatsa. Kwafin firinta kuwa ɗige-ɗige ne masu launin shuɗi, ja da rawaya, har a wurin da ya kamata ya zama farar takarda. Sai ka haska shi a duhu da fitilar tantance jabun kuɗi. Takardar da ta yi ƙyallin shuɗi-shuɗi tana da sinadarin ƙara haske, wanda sai wajen 1950 ya yaɗu. Rashin ƙyalli dai bai wanke kati ba, don mai jabu na iya samun tsohuwar takarda. Ka duba wayar ɗinkin tsakiya: tsatsarta kan ci takardar da ke kewaye da ita. Tsatsa a waya, takarda fes, alama ce ta an sauya wani abu.

Gogewa kuwa, don Allah kada ka yi. Wannan fensirin shi ne ya ɗaure katin da rana guda, in ya tafi darajar ta bi shi. Kada ka manna salatif, gam ɗinsa kan ratsa takarda ya bar tabon ruwan kasa. Kada ka kai a yi masa laminatin, zafi da gam ba sa warwaruwa. Ka sa shi a kwance cikin jakar poliyesta ta adana takardu, ba ta PVC ba, nesa da rana da danshi, ka rubuta ranar da ka gano a wata takarda daban.