Wa ke yanka farashin kwandon tumatir a Mile 12?

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce watanka uku da zuwa Legas kana bin maigidanka a kasuwar Mile 12, kuma abin da ke damunka shi ne kwandon tumatir ɗaya sai ya yi farashi uku a yini guda. Ka tambaya ko dillalai ne ke zama su ƙulla, da kuma me ya hana shugabannin kasuwa su yanka farashi ɗaya don talaka ya samu. Na haura shekara ashirin ina dillanci a nan, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Fara da motoci. Da rani, lokacin da Kadawa da Kura da Danja ke ɗiba gaba ɗaya, za ka zo da asuba ka tarar tireloli sun yi layi har bakin titi. Ranar nan mai kaya ne ke bin mai saye. Bayarabiya mai saye za ta taya, ka ce albarka, ta juya kawai, domin kwanduna goma na jiranta a gaba. Tumatir kuwa ba hatsi ba ne. Ya riga ya kwana biyu ko uku a hanya, daga Kano ta Mokwa da Jebba da Ilorin, rana na ɗagawa ruwa zai fara tsiyaya ta gindin kwando. Wanda ya ƙi sallamawa da hantsi, da la'asar zai sallama ƙasa da haka. Farashi ukun da ka gani ke nan.

Sai damina ta faɗi, wajen Mayu zuwa Yuli, na rani ya ƙare, na damina bai nuna ba. A ce mota goma kasuwa ta saba sauke wa, yau uku suka shigo. Masu saye kuwa suna nan yadda suke: mai otel daga Ikeja, mai buka daga Ketu, matan da ke sari su kasa a Agege da Mushin, da uwargida mai neman na miyar yau. Ko kowa a kasuwar ya zama waliyyi, kayan mota uku ba za su cika kwandunan mota goma ba. Dole wasu su koma hannu rabbana. Abin da ya rage shi ne a san ko su wa.

Na sha tsayawa a kan mota ina kallon yadda ake rabuwa. Mai otel ba ya ja, abincinsa na da tsada, ya biya ya ɗebi masu tauri. Mai buka ta ɗaga ganyen da ke bakin kwando, ta tura hannu can ƙasa ta matsa, ta tsaya tana lissafi a bakin zani, sai ta haɗa kuɗi da maƙwabciyarta su raba kwando ɗaya, ta cike da tumatirin gwangwani. Wata ta sauka zuwa fasassun nan da Yarbawa ke kira esha. Matanmu na Arewa su koma kauɗa, ko a yi miyar kuka. Babu wanda ya yi shela cewa kowa ya rage, tsadar ce ta isar da saƙon, kuma duk mai wata mafita ya janye ya bar wa wanda ba shi da ita.

Saƙon nan kuma yana komawa gida. Kafin azahar waya ta kai Zariya da Jos cewa kaya ya yi kuɗi a Ikko. Wanda ya yi niyyar kai nasa Fatakwal sai ya karkato da mota nan, bayan kwana uku kasuwa ta sassauta. A 2016, da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, wayar ba ta yi amfani ba, don babu kayan da za a loda. A ƙarshen Fabrairun 2021 kuma, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da aka dakatar da kai abinci Kudu kusan mako guda, a nan kwando ya yi tashin gwauron zabi, a can gida yana ruɓewa a bakin gona. Dillalan dai su ne na kullum, hanya ce ta toshe.

Batun a yanka farashi ɗaya, na san da kyakkyawar zuciya ka faɗa. Amma ka tuna man fetur kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba a hukumance. Duk sanda mai ya yi ƙaranci, farashin da ke allo bai motsa ba, sai layi ya miƙe, mutum ya kwana a mota, wanda ya san manaja ya shiga ta baya, 'yan bumburutu na gefen titi da jarkoki suna sayarwa ninki. Na taɓa rasa lodi guda saboda direbana ya yini a layin mai, kaya suka narke a cikin mota. In aka ɗaure farashin tumatir ranar mota uku, haka za a yi: sanayya da ƙarfin ƙirji su raba kayan, kuma talakan da kake tausayi ba shi da ko ɗaya. Ya zo a hadisin Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanka farashi, bai yanka ba, ya ce Allah ne mai sanya farashi.

Kada ka ɗauka ina wanke kasuwa ne. Farashi aljihu yake aunawa, ba ya auna yunwa. Akwai tsohuwar da ke saye a wurina shekara da shekaru, da jikoki marayu a hannunta. Ranar tsada nakan gan ta tana zagaya kwando sau biyu, ba ta ko taya ba. Wannan tana ci mini rai har yau, kuma abin da nake iyawa shi ne in ware mata daga la'adata in ƙara gyara. Haka maigidana ya koya mini, kai ma ka riƙe. Sannan akwai masu ɓoye kaya don su ƙirƙiri ƙarancin da babu shi. A tumatir da wuya, ba ya ajiyuwa, amma a albasa da wake da shinkafa ana yi, kuma hadisin Muslim ya kira mai yin haka mai laifi. Da kuɗin da ake karɓa a shingaye a hanya, da tsadar dizal, duk a kan kwandon nan suke sauka.

Gobe in Allah ya kai mu, ka riga maigidanka fitowa. Bayan sallar asuba ka tsaya inda ake sauke kaya, ka ƙirga motocin tumatir da suka kwana, ka tambayi 'yan dako nawa suka shigo jiya. Ka rubuta adadin a takarda tare da farashin da aka buɗe da shi da wanda aka rufe. Ka yi haka mako biyu, sannan ka kawo mini takardar mu duba tare, ina ɓangaren 'yan attaruhu.