Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Waya, Damina da Furannin Okid na Daji

Damina ta kankama, daji ya yi kore, kuma ga alama rabin masu rubuto mini sun koma masana tsirrai. Na ware tambayoyin da suka shafi neman furen okid (wani babban dangin furanni da ake kira orchid a Turance) da waya na haɗa su wuri guda. Masu tambayar yadda ake dawo da Facebook ɗin da aka sace, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Zariya. An ba mu aikin tattaro hotunan furannin okid na daji tare da sunayensu. Wace manhaja zan sauke, kuma yaushe ya kamata in fita nema?

Amsa: Malama, sauke iNaturalist. Na san ƙawayenki za su ce Google Lens ya fi sauƙi, kuma gaskiyarsu, amma shi burinsa ya nemo miki hoton da ya yi kama da naki a intanet, ko da na shagon sayar da furanni ne a Holan. A iNaturalist kuwa, kwamfuta ce za ta fara ba da hasashe, sannan mutane masu rai, cikinsu har da masana, su duba su gyara. Sai fiye da kashi biyu bisa uku na masu dubawa sun yarda da suna ɗaya kafin a ɗauki hotonki a matsayin wanda ya isa a yi bincike da shi. Ki haɗa da Pl@ntNet ta Faransawa don jin ra'ayi na biyu. Ita za ta tambaye ki ko hoton na ganye ne, ko fure, ko 'ya'ya, ko ɓawo, don haka kada ki danna duk wanda yatsanki ya fara taɓawa.

Batun lokaci kuma, okid na ƙasa a yankinmu ba rana ɗaya suke fitowa ba. Wasu daga dangin Eulophia da Nervilia suna fitar da fure da ruwan farko, tun kafin ganyensu ya ɓullo, musamman inda aka yi ƙunar daji da rani. Dangin Habenaria, masu ƙananan furanni kore-kore ko farare, sun fi bayyana idan ruwa ya zauna, wajen Yuli zuwa Satumba, a fadamu da gefen duwatsu masu jiƙa. Ga ɗabi'ata, kuma ina so ta zama taki: kafin ki fita, buɗe shafin dangin a iNaturalist, ki taƙaita shi ga Najeriya, ki dubi jadawalin watannin da aka fi ganinsa. Ya fi ki yi ta yawo a rana kina tambayar makiyaya.

Tambaya: Na ga wani fure mai ruwan hoda da ɗigon ɗorawa a tsakiya, ya fito daga ƙasa kai tsaye babu ganye, a bayan gonarmu kusa da Kafanchan. Na ɗauka, manhaja ta ce okid ne na ƙasar Tailan. Yaya aka yi ya zo nan?

Amsa: A jirgin sama ya zo, Malam, shi da iyalansa. Bai zo daga ko'ina ba, manhajar ce ta yi shaci-faɗi. Waɗannan manhajoji da hotunan da mutane suka ɗora ake koyar da su, kuma mafi yawan masu ɗorawa suna Turai da Amurka. Okid sun kai kusan nau'i 28,000 a duniya, namu na nan kuwa da yawansu hotunansu a intanet ba su taka kara sun karya ba. Idan manhaja ba ta san abu ba, ba kasafai take yin shiru ba, sai ta miƙo maka mafi kusa. Ka kunna lokeshan lokacin tambaya don ta rage zaɓinta zuwa abin da ake samu a yankinka.

Yadda ka kwatanta shi, na fi zargin Siphonochilus aethiopicus, ɗan uwan citta ne, ba okid ba. Shi da Costus spectabilis, mai furen rawaya a tsakiyar ganyaye huɗu da suka kwanta a ƙasa, wanda aka ɗauka a matsayin furen ƙasa na Najeriya, su ne suka fi yaudarar sababbin shiga. Ka durƙusa ka duba da idonka. Furen okid yana da ɓangarori shida, uku a waje uku a ciki, ɗaya daga na cikin ya bambanta da sauran, ya yi leɓe, yawanci yana kallon ƙasa, nan ƙwaro yake sauka. A tsakiya ba za ka ga siraran zare masu garin fure a warwatse ba, sai ɗan ginshiƙi guda ɗaya da ya haɗe ɓangaren namiji da na mace. Da yawa kuma suna da ɗan bututu a bayan furen, na wasu Habenaria dogo ne sosai. Saboda haka hoto ɗaya daga sama ba ya wadatarwa. Ɗauki gaba, ɗauki gefe yadda bututun zai fito, ɗauki ganye idan akwai, sannan ka ja baya ka ɗauki tsiron gaba ɗaya da inda ya tsiro. Ka ajiye biro ko makulli a gefe don a gane girmansa.

Tambaya: Wayata tana da kyamara huɗu, har da ta ɗaukar ƙananan abubuwa, amma hotunan furen duk dishi-dishi suke fitowa.

Amsa: Waccan 'yar kyamarar mai megafiksel 2 ado ce, rabu da ita. Yi amfani da babbar, ja baya kamar taki ɗaya na hannu, taɓa furen a sikirin har ta kama shi, daga baya ka yanke hoton. Sa tafin hannunka a bayan furen idan ta nace sai ciyawar baya za ta kama. Kashe filasha. Kuma don Allah goge gilashin, man ƙuli-ƙuli ba ya cikin kayan aikin ɗaukar hoto.

Tambaya: Ina zaune a Gembu. Na tarar da wani fili cike da okid na ƙasa a kan tudu, na ɗauki hotuna, na tura guruf ɗinmu na masu son furanni a WhatsApp. Na tura su a matsayin dakumen don kada ingancinsu ya ragu. Ban faɗa wa kowa wurin ba. Da na koma sai na tarar da ramuka, an haƙe su. Shin kutse aka yi wa wayata?

Amsa: Ɗan uwa, babu wanda ya yi maka kutse. Kai ka kai su da hannunka, kuma wannan magana na gaji da maimaita ta a wannan fili.

Duk hoton da waya ta ɗauka yana tafe da bayanan da ba ka gani a fuskarsa: irin wayar, rana, sa'a, kuma idan ka ba kyamara izinin lokeshan, har da lambobin taswira na daidai inda ka tsaya, da kuskuren da sau da yawa bai wuce 'yan mitoci ba. Ana kiran bayanan EXIF. Idan ka tura hoto a WhatsApp ta hanyar da aka saba, yana matse shi ya zubar da waɗannan bayanai. Idan ka tura shi a matsayin dakumen, yana tafiya yadda yake, ba a taɓa komai ba. Kamar ka aiki yaro da saƙo ne ka cusa masa kwatancen gidanku a aljihu, sannan ka yi mamakin ganin baƙi a zaure. Wanda ya karɓa ba ya buƙatar wani ilimi, ya buɗe hoton, ya duba bayanansa, taswira ta buɗe. Guruf mai mutum ɗari biyu, kai ka san biyar a ciki, sauran lambobi ne kawai.

Ko da an cire bayanan ma, mutane suna tona wa kansu asiri ta wata hanya. Za a ɗauki fure, ga hasumiyar sabis a baya, ga dutsen da kowa ya sani, ga allon makarantar firamare da sunan ƙauyen ɓaro-ɓaro. Sannan a rubuta a ƙasa, "bayan gonar shayi, hannun dama". Me ya rage?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda suka haƙe ɗin ma ba za su mora ba. Irin okid kamar ƙura yake, kwanso ɗaya yana ɗauke da dubbai, amma babu guzurin abinci a cikinsa kamar na gero ko wake. Ba ya tsira sai ya haɗu da wani nau'in naman gwari da ke cikin ƙasar wurin, wanda zai ciyar da shi, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya yi furen farko. Wanda ya tumɓuke shi ya kai tukunyar fulawa a Jalingo ko Abuja ya raba shi da sanyin tudu da ƙasar da ya saba, yawanci bayan damina ɗaya sai tukunya ta koma wurin ajiye tsintsiya. Filin da aka haƙe kuwa ba ya dawowa a shekara mai zuwa. Kada ka ɗauka abin wasa ne. A Zambiya ana haɗa saiwar okid na ƙasa da garin gyaɗa a yi wani abinci da ake kira chikanda, kasuwarsa ta bunƙasa har masu haƙa suka tsallaka tsaunukan kudancin Tanzaniya, kuma kare furannin wurin na cikin dalilan kafa gandun Kitulo a 2005. A Turkiyya ma haka ake fama saboda garin salep da ake yi da saiwar okid. Shi ya sa dukkan dangin okid suke cikin jerin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya take ciki, ba a fitar da su ƙetare ba tare da takarda ba. Tudun Mambila da na Jos da gandun Gashaka-Gumti suna cikin wuraren da muka fi arzikin waɗannan tsirrai, ga shi muna raba adireshinsu kyauta don a ce mana "masha Allah, hoton ya yi kyau".

Ba cewa nake ka kashe lokeshan na kyamara ba. Bar shi a kunne, domin kai kanka za ka buƙaci sanin wurin baɗi, kuma hoton da ba shi da wuri da rana ba shi da amfani ga masu bincike. Asalin hoton ya zauna a wayarka. Wanda za ka tura wa jama'a, cire masa lokeshan tukuna. A iPhone akwai wurin kashe shi a saman shafin turawa. A Android ya danganta da wayar, idan ka rasa, yi sikirinshot na hoton ka tura wannan, ba ya ɗauke da lambobin asalin. A iNaturalist kuma kowane hoto yana da zaɓi uku na sirrin wuri: a buɗe, a dusashe, ko a ɓoye gaba ɗaya. Ɗauki na tsakiya. Jama'a za su ga wani murabba'i mai faɗin kusan kilomita 22 kowane gefe, ainihin wurin yana hannunka, kai za ka zaɓi wanda za ka nuna wa. Manhajar takan dusashe wasu nau'ukan da ke cikin haɗari da kanta, amma kada ka jira ta, musamman kafin a tabbatar da sunan abin da ka ɗora. Idan kuma wani baƙo ya biyo ka ta bayan fage yana cewa shi mai bincike ne, ka tambaye shi jami'arsa da sashensa. Mai binciken gaske ba ya jin haushin wannan tambaya.

Tambaya: Inda nake zuwa babu sabis ko kaɗan. Yaya zan adana wurin da na ga fure?

Amsa: GPS, wato abin da ke gano lokeshan a waya, da tauraron ɗan'adam yake magana, ba ruwansa da layinka ko datarka. Sa wayar a yanayin jirgin sama don caji ya daɗe, bar lokeshan a kunne, ka ba ta ɗan lokaci ta kama kafin ka ɗauka. Sauke taswirar yankin tun kana gida, a Google Maps ko Organic Maps, ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗora hotunan idan ka dawo.

Tambaya: Wani tsiro ya fito a tsakanin rassan tsohuwar bishiyar gonata, furensa rawaya da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Yarona ya duba a waya ya ce wani okid ne mai suna Ansellia. Ni dai kauci na sani. In sare?

Amsa: Baba, a bar shi. Idan saiwoyinsa farare ne sun yi cirko-cirko sama kamar kwando, yaron ya yi daidai. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan bishiya, wannan kuwa zama kawai yake a kai, daga ruwan sama da busassun ganyen da suka taru yake ci. A gaishe da yaron, a ƙara masa data.

Tambaya: Manhaja ta nuna mini kashi 91 cikin ɗari cewa saiwar da na haƙo ta okid ce, kuma na karanta ana maganin ƙarfi da ita. Zan iya dafawa in sha?

Amsa: A'a. Wannan lambar tana nufin hotonka ya yi kama da wasu hotuna, ba ta ce komai game da hantarka ba. Albasar kwaɗi tana nan a fadama ɗaya da su, ga Gloriosa mai saiwar da ke kisa. Mayar da ita ramin da ka ciro ta, ka rufe, sannan ka koma sama ka karanta amsar da na ba mutumin Gembu.