Sabuwar Laftof da Aikin Farko a Kamfani Mai Tasowa: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Allah ya yi na samu aikina na farko a wani ƙaramin kamfanin fasaha da bai daɗe da kafuwa ba, mu tara ne kacal. Ranar da na kama aiki suka miƙo mini sabuwar laftof dal a kwalinta, RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi) gigabayit 16, ma'adana gigabayit 512, da Windows 11. Wallahi ɗoki ya hana ni barci. Abokina ya ce sai na bar ta a caji awa takwas kafin in kunna, gaskiya ne? Sannan na duba na ga tana nuna 476 maimakon 512, ko ha'intar su aka yi? Kuma ina so in kwaso hotunana da WhatsApp ɗina da wata manhaja da nake rubutawa tun ina makaranta in zuba a cikinta, don tsohuwar tawa ta gaji.

Amsa: Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanena, Allah ya sanya albarka a aikin, ita kuma ya sa a kashe lafiya.

Maganar awa takwas tsohon zance ne da aka gada daga zamanin batiran nikel. Na laftof ɗinka lithium ne, irin wanda Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma ba ya buƙatar wannan hidima. Jona ta ka kunna abinka. Abin da ke tsufar da irin wannan batir biyu ne: zafi, da zama a cike taf kullum. Don haka kada ka ɗora ta kan katifa ko matashi, ramukan iskar da ke ƙasanta za su toshe, ka ji fanka na ta gurnani. Idan kuma yawanci a jone take wuni, nemi wurin da ake tsayar da caji kafin ya cika, galibi a kashi 80 ko 60. Lenovo na da shi a cikin manhajarsa ta Vantage, ASUS a cikin MyASUS, sauran ma kusan kowa da nasa. Tun tana sabuwa, buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa Windows umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar maka da rahoto mai lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da wanda yake iya ɗauka yanzu. Adana shi, bayan shekara ka sake ka gwada.

Batun 476 kuwa babu ha'inci. Masu ƙera ma'adana da dubu-dubu suke lissafi, Windows kuma da 1,024. Bayit biliyan 512 idan aka raba shi irin rabon Windows, 476 da 'yan kai yake bayarwa. Kowace 512 a duniya haka take nunawa a Windows.

Tambayarka ta uku ce ta sa na gyara zama. Ka ce "suka miƙo mini". To, miƙo maka aka yi, ba a ba ka ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Laftof ɗin nan dukiyar kamfani ce, ranar da kuka rabu ko da cikin raha ne za ka mayar da ita, wani lokacin ma a ranar ba tare da an ba ka damar kwashe komai ba.

Shiga Settings, sai Accounts, sai Access work or school. Idan ka ga sunan kamfaninku a nan, akwai yiwuwar an ɗaura ta a kan manhajar kula da na'urori irin Microsoft Intune. Ita Intune ba ta buɗe wa kamfani hotunanka ko saƙonninka, gaskiya ɗaya ce. Amma tana nuna musu manhajojin da ka saka, tana ba su ikon tura wasu, kuma suna iya goge kwamfutar tas daga nesa. Wanda ke da wannan iko yana iya saka manhajar sa ido idan ya ga dama. Mai yiwuwa kamfanin mutum tara bai kai ga wannan tsari ba tukuna, sai dai hakan bai canza komai ba: wata rana wani ne zai zauna gaban na'urar nan, burauzarka a buɗe, imel ɗinka a shige, WhatsApp na ta shigo da saƙonnin gida.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne manhajar da kake rubutawa. Ɗauko takardar ɗaukar aikin da ka sa wa hannu, na san da ƙyar in ka karanta ta saboda murna, ka nemi sashen da ke magana kan mallakar abin da ka ƙirƙira. Kamfanonin fasaha da yawa suna rubuta cewa duk abin da ma'aikaci ya ƙirƙira da kayan aikin kamfani ko a lokacin aikin kamfani, na kamfani ne. Yadda kotu ke kallon wannan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma me zai kai ka shari'a kan abin da ka fara tun kana ɗalibi? Kada layi ɗaya na manhajar nan ya taɓa laftof ɗin ofis. Ka kuma aika wa shugabanku imel, cikin ladabi, ka ce kana da wani aiki naka mai suna kaza da ka fara kafin zuwanka, kana so a san da shi. Amsar da ya ba ka, ka tura kwafinta adireshinka na kanka.

Tsohuwar taka kuma kada ka yar da ita. In har faifai mai juyawa ne a cikinta, cire shi ka sa SSD, wato ma'adana mai sauri da ba ta juyawa, ka ƙara RAM idan tana karɓa, za ka sha mamakin yadda za ta farfaɗo. Ka tuna dai Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka idan ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, Linux Mint ko Ubuntu, nau'o'in Linux da ake sakawa a madadin Windows, za su zauna mata daidai, kuma mai rubuta manhaja ba ya asara da koyon Linux.

Abu na ƙarshe kan sabuwar: sababbin kwamfutocin Windows 11 da yawa suna zuwa da ma'adanarsu a kulle da BitLocker. Wata rana bayan sabunta wani abu tana iya tsayawa a shuɗin allo ta nemi lambobi 48 na buɗewa. Tambayi ofis tun yanzu a hannun wa suke.

Tambaya: Malam, sati na uku ke nan a aiki, kuma an riga an ba ni damar shiga rumbun bayanan masu hulɗa da mu, na gasken ba na gwaji ba. Duk sanda na buɗe shi hannuna rawa yake yi. Ina tsoron in goge wani abu a kore ni.

Amsa: Tsoron nan naka lafiya ne, wanda ba ya jin sa shi ne abin tsoro. Amma bari in ba ka labarin GitLab, kamfanin da ke adana wa masu rubuta manhaja ayyukansu. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyansu yana gyara cikin dare a gajiye, ya ba da umarnin share wata jakar bayanai yana zaton a sabar (kwamfutar da ke riƙe bayanan kamfani) ta biyu yake, ashe a babbar yake. Kafin ya ankara kusan gigabayit 300 sun tafi. Da aka juya ga kwafin bayanan da aka ajiye sai aka tarar hanyoyi biyar da suke taƙama da su babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan awa shidan kuwa suka salwanta. Kamfanin ya wallafa bayanin abin da ya faru dalla-dalla, kuma tsarinsa ya ɗora wa laifi.

Ga abin da za ka yi. Roƙi a buɗe maka asusu na karatu kawai, wanda ba ya iya gogewa ko canzawa, ka riƙa aikin yau da kullum da shi. Canza launin tagar da kake shiga sabar gaske da ita, ka mai da ita ja, ta gwaji kuma koriya, don idonka ya gaya maka inda kake kafin yatsanka ya motsa. Kafin ka ba da umarnin DELETE (gogewa) ko UPDATE (canzawa), fara gudanar da SELECT (dubawa kawai) da sharaɗi iri ɗaya ka ga layuka nawa zai shafa; idan kana jiran uku ka ga dubu arba'in, ka tsaya. Sannan ka yi wa babbanku tambaya ɗaya: yaushe rabon a gwada dawo da bayanai daga ajiya? Idan ya yi shiru, ka samo wa kanka aikin da za a daɗe ana gode maka. In kuwa ɓarna ta faru duk da haka, faɗa nan take. Minti goman da mutum ke ɓatawa yana ƙoƙarin rufa wa kansa asiri, a nan ƙaramar matsala ke girma.

Tambaya: Malam, ni mace ce, watana goma sha ɗaya a wani kamfani mai tasowa, shi ne aikina na farko. An ɗauke ni rubuta manhaja, amma ni ce amsa koken jama'a, ni ce gwaji, wani lokacin har tsara hotunan talla. Ji nake kamar na taɓa komai amma ban ƙware a komai ba. Albashi kaɗan ne, an ce akwai hannun jari, kullum shugabanmu na ba mu labarin Instagram. Yanzu wani babban kamfani ya kira ni. In tafi?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ki yanke komai, duba kalanda. Tsarin da ya fi yawa a irin waɗannan kamfanoni shi ne hannun jarin ma'aikaci ya zama nasa kaɗan-kaɗan cikin shekara huɗu, kuma ba ya samun ko ɗaya sai ya cika shekara guda cif. A ce an rubuta miki 4,800. Ranar da kika cika wata goma sha biyu 1,200 za su zama naki a tashi ɗaya, daga nan 100 duk wata. Kika fita a wata na goma sha ɗaya, hannu rabbana za ki tafi. Idan takardarki haka ta ce, roƙi sabon wurin su ɗaga miki ranar farawa da 'yan makonni. Ba baƙon roƙo ba ne a wurinsu.

Na ce "idan takardarki", domin kalmar "an ce" da kika yi amfani da ita ta dame ni. Hannun jarin da ke bakin shugaba kawai, ba ki da shi. Nemi takarda mai sa hannu, ki kuma tambayi abu uku. Guda nawa ne hannayen jarin kamfanin gaba ɗaya? 4,800 cikin dubu ɗari wani abu ne, cikin miliyan goma kuwa ba a ko ganinsa. Kyauta ne, ko dama ce aka ba ki ta saye a kan wani farashi? Yawanci na biyun ne, wato sai kin fitar da kuɗi daga aljihunki. Kuma bayan barin aiki kwana nawa kike da shi ki saya kafin damar ta faɗi? A yarjejeniyoyi da yawa, musamman masu bin salon Amurka, kwana 90 ne. Ki sani kuma duk lokacin da masu zuba jari suka shigo da sabon kuɗi ana ƙirƙirar sababbin hannaye, kasonki na raguwa.

Labarin Instagram gaskiya ne. Facebook ya saye shi a Afrilun 2012 kan dala biliyan ɗaya, ma'aikatansa 13 ne a lokacin. Bayan shekara biyu ya sayi WhatsApp kan kusan dala biliyan 19, su kuma 55 ne. Ana ta maimaita waɗannan biyun ne saboda irinsu ba su da yawa. Kamfanonin da suka rufe babu mai ba da labarinsu a taron safiya. Ni a ganina ki lissafa hannun jarin a matsayin sifiri wajen tsara rayuwarki, in ya zo ya zo. Tambayar da ta fi amfani ki yi wa shugaban ita ce: kuɗin da ke asusu zai biya albashi na wata nawa? Mai gaskiya zai faɗi lamba.

Batun rashin ƙwarewa kuma, ban yarda da ke duka ba. Wadda ta amsa koken mai amfani da manhaja da safe ta gyara matsalar da hannunta da rana ta ga abin da injiniyoyi da dama a manyan kamfanoni ke shekaru ba su gani ba. Inda nake ba ki gaskiya shi ne idan babu wani wanda ya fi ki sani da ke duba abin da kika rubuta yana ce miki nan ba daidai ba. Wannan rashi ne babba a shekarun farko, kuma shi kaɗai ya isa dalilin tafiya. Ki tambayi sabon wurin wa zai riƙa duba aikinki, kuma sau nawa.

Ko za ki tafi ko za ki zauna, a makon nan ki zauna ki rubuta a na'urarki ta kanki duk abin da kika gina: mece ce matsalar, me kika yi, me ya canza bayan nan. Bayani kawai, ban da kwafin lambobin manhajar kamfani ko bayanan masu hulɗa da su, waɗannan ba naki ba ne. Ranar da aka rufe imel ɗin ofis ba za ki sake ganin tarihin ayyukanki ba, kuma a hirar neman aiki ainihin irin wannan bayanin za a nema daga bakinki.