Rubuce-rubucen bangon gidajen Pompeii na asali ne

Ka tambaya ko rubutun Latin da ka gani a hoton bangon wani gida a Pompeii, tsohon garin Romawa a ƙasar Italiya, na mutanen garin ne, ko masu tono ne suka ƙara shi. Na asali ne. Dutsen Vesuvius mai aman wuta ya binne garin da toka a shekara ta 79 miladiyya, tokar ce kuma ta adana bangon har aka tono shi. Manyan haruffan ja da ke fuskar gida yawanci tallan 'yan takarar zaɓe ne, masu sana'ar rubutu ake biya su rubuta. Ƙananan kuwa da ƙarfe aka kankaro su: gaisuwa, lissafin bashi, soyayya, har da zagi.

Amma kada ka ɗauka duk abin da ka karanta a littafi za ka tarar a bangon. Da yawa rana da ruwan sama sun goge su bayan tono, sai kwafin da masana suka yi tun ƙarni na 19 ya rage, abin takaici ne ƙwarai. Idan ka je, ka duba bangon ta gefe da sassafe, lokacin ne kankarar ta fi fitowa.