Kafin ka aika da irin ragon Niyuzilan gida

Wani ɗan'uwa da ke aikin kiwo a wata gonar tumaki a Niyuzilan ya rubuto cewa tumakin maigidansa suna yawan haihuwar tagwaye, yana so ya aika da maniyyin ragonsu zuwa garken ƙaninsa a Katsina, amma ya lura akwai 'yan tumakin da ake warewa don yanka saboda ba sa ɗaukar ciki ko kaɗan.

Malam, abin da ka lura da shi ne ya kamata ya tsayar da kai. Ka tambayi maigidanka ko garken yana ɗauke da gadon da ake kira Inverdale, wanda aka gano a tumakin Romney na ƙasar, kuma a shekarar 2000 masu bincike suka tabbatar cewa sauyi ne a ƙwayar gado mai suna BMP15. Tunkiyar da ta gāji wannan sauyi daga ɓangare ɗaya tana sakin ƙarin ƙwai kamar guda ɗaya a kowane zagaye na neman barbara, shi ya sa tagwaye suke yawa. Wadda ta gāje shi daga uwa da uba duka kuwa, gidan ƙwanta ba ya girma, yana zama siriri a shafe, ƙwan ba ya nuna, ta zama juya har abada, kuma babu allurar da ke gyara wannan. An ga irin haka a tumakin Belclare da Cambridge a Ailan da Ingila.

Haɗarin a gida ya fi na inda kake. Rago mai wannan gado yana ba wa dukkan 'ya'yansa mata, ba ya ba wa maza. Tagwayen da 'ya'yan nan mata za su riƙa haifa za su faranta wa ƙaninka rai, amma idan aka yi musu barbara da irin uban nasu, ko da wani rago mai gadon, rabin matan da za su haifa juya ne. A gonarku ana gwajin jini ana rubuta asalin kowace dabba, alhali a garkenmu rago ɗaya yakan shekara da shekaru yana hawan uwa da 'ya.

Batun takardu kuma, kada ka ɗauki komai daga gonar ba da yardar maigidanka a rubuce ba, domin hakan na iya raba ka da aikin da bizarka ta dogara a kansa. Shigar da maniyyin dabba Najeriya yana buƙatar izinin hukuma da shaidar lafiya daga likitan dabbobi, kuma hukumar NAQS, mai kula da shigo da dabbobi da tsirrai ƙasar, tana duba irin waɗannan kaya a mashiga.

A ganina, kuɗin ya fi amfani idan ƙaninka ya nemi shawarar cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, ya sayi lafiyayyen ragon Balami ko 'Yankasa daga wani garke na nesa, sauran ya tanadi harawa da dusa, domin tunkiyar da ba ta ƙoshi da rani ba ba za ta iya shayar da tagwaye ba.