Boris na ta mutuwa a wilin mashin: a kai hob wurin masu inji ko a sayi sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan acaɓa ne a Tudun Wadan Zariya, ranar kasuwa kuma nakan yi dakon buhuna zuwa ƙauyukan hanyar Soba. Wilina na baya ya hana ni sakat. Da an sa sabon boris, ba a jimawa sai ya fara kuka, wilin ya koma wasa. Bakanikena ya ce gidan boris ɗin ne ya buɗe, ya bubbuga shi da tsinin ƙarfe ya cusa yankin gwangwani. An kwana biyu abu ya dawo. Yanzu an ce in kai hob ɗin, wato cibiyar wilin da boris ke zama a ciki, Sabon Gari wurin masu injin sassaƙar ƙarfe. Shin wannan gyara yana ɗorewa? Kuma ta yaya zan gane an yi mini aikin ƙwarai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Gyaran yana ɗorewa idan mai injin awo yake bi. Idan da ido yake aiki, kuɗinka ne kawai zai tafi. Bakanikenka ya gano ciwon daidai, maganin da ya ba shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Ka fara sanin abin da ke faruwa a cikin hob ɗin. Boris zobe biyu ne da 'ya'yan ƙarfe a tsakaninsu. A wilin mashin zoben ciki yana tsaye cik a kan shaf, wato ƙarfen da ya ratsa tsakiyar wili, zoben waje kuwa shi ke juyawa tare da hob. Nauyinka da na buhuna kullum ƙasa yake dannawa, zoben waje yana ta wucewa ta ƙarƙashinsa. Saboda haka dole gidan ya riƙe zoben nan gam, ya ɗan fi shi ƙanƙanta ma, sai an matsa shi sannan ya shiga. Da zarar an sami 'yar tazara, zoben zai riƙa rarrafe a cikin gidansa. Ga lissafin. Wili mai inci 17 da tayarsa yana juyawa kusan sau 550 a kilomita guda. Idan tazarar milimita 0.05 ce, rabin kaurin takardar rubutu ke nan, a kowane juyi zoben zai gusa da kusan milimita 0.16. A kilomita ɗaya ya yi tafiyar sama da santimita 8 a jikin alminiyam, wanda bai kai shi tauri ba ko kusa. Ka kwatanta da yawan zirga-zirgarka tsakanin Kofar Doka, PZ da Samaru a wuni. Ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da giris, sai gidan ya ci gaba da cinyewa, gobe ya fi yau buɗewa.

Bubbuga gidan da tsinin ƙarfe ba ya mayar da naman da ya tafi. 'Yan tsirarun ƙuraje kawai yake tayarwa, boris ya zauna a kansu, ramin farko da ka faɗa da kaya su kwanta. Gwangwani kuma kaurinsa ya kan wuce giɓin da ake son cikewa, ga shi ba ya zagayewa daidai, sai ya ture boris gefe guda ko ya matse shi. Boris irin wannan sararin da ke tsakanin 'ya'yansa da zobbansa daga masana'anta bai wuce milimita 0.003 zuwa 0.018 ba. Matsi kaɗan ya isa ya cinye sararin nan, daga nan sai zafi, sai kuka.

Kafin a kwance komai, a kawar da sauran waɗanda ake zargi. A ɗora mashin a kan babbar ƙafarsa, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Idan wasan a tsakiyar wili yake, boris ne ko gidansa. Idan wilin da ƙarfen da ke riƙe da shi duka suke motsi, bush ɗin can gaba, inda ƙarfen ya haɗu da jikin mashin, su ne suka mutu. A kuma zare shaf a mirgina shi a kan gilashi, lanƙwasasshe zai riƙa ɗingishi. Mai kayan awo zai ɗora shi a kan tubalan ƙarfe biyu masu tsagi ya sa masa agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna duk ɗan kaucewa, kuma littattafan gyara na kamfanoni irin su Honda sukan tsayar da iyakar lanƙwasarsa a milimita 0.2. Shaf ɗin da ya wuce haka zai kashe kowane boris ko da gidan lafiya lau yake.

Yanzu awon gidan. Kowane boris lambarsa na jikinsa, lambar ce ke faɗin girmansa a duk duniya. 6301, alal misali, raminsa milimita 12, faɗinsa ta waje 37, kaurinsa 12. 6202 kuma 15 da 35 da 11. Ka karanta taka. Idan 6301 ne, gidan lafiyayye ya kamata ya faɗa tsakanin 36.97 da 36.99. Ka ga duk rigimar a kan kashi 2 ko 3 cikin 100 na milimita ake yin ta.

A nan ne za ka fara gane mai injin da ka je wurinsa. Idan baniya kaɗai ya ɗauko, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ake ja, to ka yi hattara. Baniya tana da amfaninta, tana karanta 0.02 ko 0.05, amma haƙoranta na awon ciki gajeru ne, bakin rami kawai suke taɓawa, kuma ɗan matsin yatsa ya isa ya sauya abin da ta nuna. Abin da aikin ke so shi ne ma'aunin rami mai sifirin, wanda ake sakawa ya buɗe ya taɓa bango biyu a kulle shi, sannan a auna shi da maikiromita mai karanta 0.01. Ba kuma sau ɗaya ake auna ba. A auna tsaye, a auna kwance, a auna a karkace, a bakin ramin da kuma can gindinsa, domin gidan da ya cinye ba ya zama da'ira, yakan fi buɗewa ta wani ɓangare, bakinsa kuma ya fi gindinsa faɗi. Ka roƙe shi ya rubuta maka lambobin. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan.

Wani abu da ake rainawa shi ne zafi. Ma'aunai a kan digiri 20 aka daidaita su, alminiyam kuwa yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Rami mai milimita 37 idan ya fi ma'aunin ɗumi da digiri 20 ya ƙaru da kusan 0.017, wato fiye da rabin abin da ake fafutuka a kai. Hob ɗin da aka sauke daga inji yanzu, ko aka bari a ranar Afirilu a ƙofar shago, ba a auna shi sai ya huce a inuwa tare da ma'aunin.

Idan awo ya nuna buɗewar kaɗan ce, kamar 0.05, kuma ramin bai karkace ba, ba sai an hau inji ba. Akwai gam na musamman don riƙe boris a gidansa, irin su Loctite 638. A wanke wurin tas, babu ɗigon mai, a shafa, a saka, a bar shi ya kwana. Gam ɗin da ake liƙa takalmi ko roba ba ya wannan aikin. Amma naka da aka riga aka bubbuge, ina kyautata zaton ya wuce nan.

To sai sassaƙa. Wili sukutum ba ya shiga yawancin ƙananan injinan da ke gari, dole a kwance sifok a fitar da hob shi kaɗai. Kafin a kwance ka ɗauki hoton saƙar da wayarka ta ɓangarorin biyu, a kuma auna nisan gefen rim da fuskar hob, za a neme su wajen mayarwa. Babban aikin ba yankan ba ne, ɗaurin ne. Gidajen boris biyu ne, na dama da na hagu, kuma dole cibiyarsu ta zama a layi ɗaya. Mai inji nagari zai riƙe hob da kan inji mai haƙora huɗu, wanda ake matsa kowane haƙori daban, ko ya sassaƙa sanda daidai da gidan da bai lalace ba ya ɗora hob a kanta. Sannan ya kafa agogon awo a wurin da bai cinye ba, cikin duram na birki ko lafiyayyen gidan, ya yi ta juyawa da hannu yana gyara ɗauri har allurar ta daina kaiwa da komowa fiye da 0.02. Wannan yakan ci lokaci fiye da yankan kansa. Wanda ya cafke hob da kai mai haƙora uku ya kunna inji nan take zai iya fitar maka da rami kyakkyawa mai sheƙi wanda ba ya kallon ɗan'uwansa, boris biyun su yi ta jayayya da juna har ɗaya ya mutu.

Bayan ɗauri, za a faɗaɗa ramin har ya koma da'ira, misali daga 37 zuwa 40, in dai naman bangon ya isa. Idan bangon zai yi siriri, ko an ga tsaga, a tsaya a nan, hob ɗin ya gama aiki. Sai a sassaƙa wani zobe da zai shiga ramin ya zama sabon gidan boris, wanda bayansa ya fi sabon ramin da kamar 0.04, cikinsa kuma a bar shi da saura. A dumama hob zuwa zafin tafasasshen ruwa, wanda zai buɗe ramin da kusan 0.06, zoben ya zauna ba da duka ba. Sai ya huce sannan a yi yankan ƙarshe na cikin zoben zuwa 36.98. Wanda ya gama cikin zoben tun kafin ya saka shi ya yi aikin banza, domin matsi zai tsuke shi.

Akwai kuma ɗan bututun da ke tsakanin boris biyu, wanda yara a gareji sukan ɗauka ba shi da amfani. Shi ne ke tokare zobban ciki lokacin da aka ɗaure notin shaf. Tsawonsa ya zama daidai da nisan da ke tsakanin kafaɗun da boris ke zama a kansu, ko ya ɗan ɗara da ƙyar. Idan ya gaza, ko don ya lotse ko don mai inji ya sauya zurfin kafaɗar, ɗaure noti zai ja zobban ciki ciki, 'ya'yan boris su hau gefen hanyarsu. Na fi zargin wannan bututu a duk inda aka ce sabon boris ba ya daɗewa, don haka ka ce a auna shi ko da ba a tambaye ka ba. Alamarsa mai sauƙi ce: wili na juyawa sumul, ana ɗaure noti ya yi nauyi.

Tunda hob na kan inji, a leƙa duram. Yawanci iyakar faɗinsa tana rubuce a jikinsa, mai milimita 130 akan tsayar da shi a 131. In ya kai can ba a ƙara shafe shi.

Wajen saka boris, zoben waje kaɗai ake dannawa, da soket ko tsohon boris mai girmansa. Guduma a kan zoben ciki tana lotsa hanyar 'ya'yan tun kafin a hau mashin. Ka nemi mai murfin roba ta ɓangare biyu, wanda lambarsa ke ƙarewa da 2RS. Mai murfin ƙarfe, ZZ, ba ya tare ƙura da ruwa kamarsa, kai kuma kana bin laka da damina. Masu wanki ma ka hana su harba ruwan inji kai tsaye a tsakiyar wili.

Mayar da sifok aikin wani gwanin ne daban, sau da yawa tsofaffin masu gyaran keke sun fi kanikawa hannu a nan. A fara da tsallen sama da ƙasa, sannan a dawo kan lilon dama da hagu, ana juya kan sifok kwata-kwata, ana sassauta wani ɓangare kafin a ɗaure kishiyarsa. Iyakar da littattafan gyara suka saba bayarwa milimita 2 ce kowace fuska, gwani yakan sauko ƙasa da 1. In babu agogon awo, waya mai tauri da aka ɗaure ta kusa taɓa gefen rim ta isa ta nuna inda ya kauce. Ɗan tudun da ke wurin waldar rim ba a bin sa. A goge tsinin sifok da ya leƙo ciki, a mayar da robar da ke kare tub. Wannan duka ga wili mai sifok ne. Na alminiyam zubi guda idan ya tsage ko ya lotse sosai ban yarda a gasa shi a buga ko a yi masa walda ba, yakan karye ba tare da gargaɗi ba.

Game da ko ya cancanci wahalar, ka fara tambayar kuɗin sabon hob a shagunan kayan mashin na Sabon Gari, ka haɗa kuɗin inji da wunin da za ka rasa ka kwatanta. Kuɗin kwance sifok da mayarwa yana kanka ko ta wace hanya ka bi. Ga mashinan da suka cika gari irin su Bajaj Boxer da Jincheng, sau da yawa sabo ya fi sauƙi, amma shi ma a auna gidansa kafin a saƙa, don ba kowane na kasuwa ne ke zuwa daidai ba. Sassaƙa ta fi dacewa da hob na asali mai nauyi ko wanda samunsa ke wuya. In ka zaɓi gyara, bayan tafiyar farko ka taɓa hob ta ɓangaren da babu birki, ɗumi kaɗan ba laifi, zafin da hannu ba ya jurewa matsi ne, a koma a duba bututun. Bayan mako guda kuma a sake bin sifok ɗin, sababbin ɗauri sukan saki.