Tambayoyinku: Shirya Bikin Fina-finai da Koyar da Matasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta sa-kai na shirin bikin nuna fina-finai. Da kuɗinmu muka sayi faifan, kuma shiga kyauta ce. Sai mun nemi izini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙwarai kuwa. Faifan da kuka saya na kallo a gida ne. Nuna shi ga taron jama'a haƙƙi ne daban, ko an karɓi kuɗin ƙofa ko ba a karɓa ba. Ku tuntuɓi furodusa ko kamfanin da ke rarraba fim ɗin wata 2 zuwa 3 kafin ranar, ku faɗi yawan kujeru da sau nawa za a nuna. Kada ku buga sanarwa sai izinin ya zo a rubuce.

Tambaya: Da muka yi gwaji, kiɗa na fita raɗau, amma maganar 'yan wasa ta ɓace. Lasifikarmu ce ta lalace?

Amsa: Da wuya, Malam. Yawancin fina-finai ana haɗa sautinsu a tsarin 5.1, wato layi shida, kuma kusan duk maganar 'yan wasa tana layin tsakiya. In kun jona lasifikar hagu da ta dama kaɗai, kun yar da layin da ke ɗauke da zancen. Ko dai ku ƙara ta tsakiya a ƙarƙashin allo, ko ku saita na'urar da ke kunna fim ɗin ta haɗe sautin zuwa layi biyu. Sannan ku kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe a zauren, da na'urorin da za a yi amfani da su ranar, domin fayil kan maƙale a tsakiya ba tare da ya nuna alama a farko ba. Masu kallo na iya jure hoto mai ɗan dishi-dishi, amma da zarar sun daina jin magana sai su fara zamewa.

Tambaya: Da me za mu fara wa matasan da za mu koya wa shirya fim?

Amsa: Da kallo, kafin kyamara. Ku nuna musu fitowa ɗaya ta minti 2 sau uku: da sauti, babu sauti, sannan sautin kaɗai. Ku tambaye su inda aka ajiye kyamara da inda aka yanka hoto, wato inda aka sauya daga wani ɗauka zuwa wani. Bayan nan ku raba su biyar-biyar, kowane rukuni ya yi fim na minti 3 da waya a kwance, makirufo kusa da bakin mai magana. Ku karɓi amincewar iyaye a rubuce kafin a nuna fuskar yaro a bainar jama'a.